Robar Shinkafa da Ƙuri'ar 'Yan Zango: Abin da Siyasar Jami'a Ta Koya Mini

Saura kamar minti goma a sha ruwa, muna zaune a kan tabarmi a harabar ɗan masallacinmu na jami'a, sai ga wata mota ta tsaya. Samari huɗu suka fito ɗauke da manyan ledoji. A kowace leda akwai robar shinkafa da kaza, da dabino uku, da ruwan sanyi. A kan murfin kowace roba an manna hoton wani saurayi mai murmushi sanye da kwat, an rubuta lambarsa ta takardar ƙuri'a.

Can sai ga mai hoton da kansa. Ba musulmi ba ne, amma ya ɗora hula a ka, ya yi mana sallama da hausarsa mai tuntuɓe. Muka yi dariya, muka amsa, muka ci. Ranar kuwa da yawanmu koko ne kawai muka tanada, don kuɗin MoMo da ake turo mana daga gida ya ƙare tun tsakiyar wata.

Ni ɗan Nima ne, a nan aka haife ni, a nan na yi makaranta da yamma, na yi sukul da safe. Ni ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a. Ba zan faɗi sunan jami'ar ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba, domin laifin da zan ba da labari rabinsa nawa ne. Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne kakar zaɓen ɗalibai tana zagayowa kowace shekara, ƙannenmu kuma suna shiga ramin da muka faɗa.

Mece ce SRC, me ya sa ake kashe kuɗi a kanta?

Ga iyayenmu da ba su san harkar ba, kowace jami'a a Ghana tana da majalisar wakilan ɗalibai, wadda kowa ke kira SRC. Tana da shugaba da mataimaki, da sakatare, da ma'aji, da kwamishiniyar mata. Tana da tsarin mulkinta a rubuce, da hukumar zaɓenta, da zauren da wakilai ke muhawara, har da kwamitin shari'a da ake kai ƙarar zaɓe. A masaukan ɗalibai kuma akwai ƙananan shugabanni da ake kira JCR. A sama da duka akwai ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wato NUGS.

Kowane ɗalibi yana biyan kuɗin SRC tare da kuɗin makaranta, ko ya so ko bai so ba. Ka lissafa jami'a mai dubban ɗalibai, za ka gane cewa ba ƙaramar dukiya ce ke ratsa hannun yara 'yan shekara ashirin da 'yan kai ba. Su ne ke ba da aikin buga riguna da littattafai, su ne ke shirya makon SRC da mawaƙansa. A jami'o'in gwamnati, wakilin ɗalibai yana zama a majalisar gudanarwar jami'a, tebur ɗaya da shugaban jami'ar.

Ban da kuɗin, akwai abin da ya fi shi daɗi: hanya. Haruna Iddrisu, wanda ke wakiltar Tamale ta Kudu a majalisa tun 2005, ya shugabanci NUGS daga 1996 zuwa 1997. Samuel Okudzeto Ablakwa ya riƙe kujerar daga 2005 zuwa 2006, bai cika shekara talatin ba ya zama mataimakin minista a 2009. A 2025 na farkon ya zama ministan ilimi, na biyun ministan harkokin waje. Duk yaron da ya manna fosta a bangon jami'a ya san wannan labari, manyan jam'iyyu ma sun sani. Shi ya sa NPP take da reshenta na ɗalibai mai suna TESCON, NDC kuma take da TEIN. A takarda, zaɓen SRC ba na jam'iyya ba ne, babu giwa babu lema a takardar ƙuri'a. A ƙasa kuwa, kafin a gama tantance 'yan takara kowa ya san ɗan gidan wa ne kowane ɗayansu.

Da can ba haka abin yake ba

Dattawan da suka yi jami'a a shekarun 1970 suna ba da labarin wata irin siyasar ɗalibai daban. Ɗalibai na cikin waɗanda suka tsaya wa Janar Acheampong a wuya lokacin da ya kawo tsarin gwamnatin haɗaka, wanda ba ya son jam'iyyu. An yi ƙuri'ar raba gardama a kansa ranar 30 ga Maris 1978, ba a kai wata huɗu ba sojoji 'yan'uwansa suka sauke shi. A 1982, farkon mulkin Rawlings na biyu, ɗalibai sun bar aji sun shiga ƙauyuka kwaso kokon da ya maƙale don a kai shi tashar jiragen ruwa. Shekara na zagayowa suka ɓata da gwamnatin, aka rufe jami'o'i na tsawon watanni a 1983. A 1999 kuma suka fito zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da Mmobrowa, wato ta talakawa, a kan sababbin kuɗaɗen da aka ɗora wa ɗalibai.

Ko ka yarda da su ko ba ka yarda ba, waɗancan sun yi faɗa ne a kan abin da ya shafi ƙasa da aljihun iyayensu. Mu da muka zo daga baya, mun tarar ana faɗa a kan wa zai riƙe asusu.

Yadda na zama dillalin ƙuri'a

A shekarata ta uku ina cikin masu hidimar ƙungiyar ɗalibai musulmi, reshen GMSA na jami'armu. Ba mu da yawa idan aka kwatanta da sauran ɗalibai. Ƙidayar 2021 ta nuna musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne na mutanen ƙasar nan, a ajujuwanmu kuwa ba na jin mun kai haka. Amma muna da abin da 'yan takara ke kwaɗayi: muna haɗuwa sau biyar a rana, muna da zauren WhatsApp guda, kuma an yi imani cewa inda babba ya nuna, can za mu dangwala gaba ɗaya. A bakinsu sunanmu “ƙuri'ar Zango”, har da ɗan Wala da Badagombe da Bafulatanin da bai taɓa kwana a Zango ba.

Muna da buƙatu na gaske. Famfon alwala ya fi wata shida ba ya kawo ruwa, da jarka muke ɗebowa. Wasu malamai suna sa gwaji ko darasi daidai lokacin sallar Juma'a. 'Yan'uwanmu mata ba su da wurin salla mai sutura. Mai robar shinkafa ya saurare mu, ya gyaɗa kai, ya ce duk an gama, mu ba shi wata ɗaya da hawa kujera. Ba mu ce ya rubuta ba. Mun ga kamar rashin kunya ne ka ci abincin mutum sannan ka ce ya sa hannu a takarda.

Bayan sati guda wani babban yayansu a siyasa, wanda ya gama jami'ar da daɗewa, ya kira ni wani otal a cikin gari. Ya yaba mini, ya ce ya ji ni ne mai faɗa a ji. Ya miƙo ambulan, ya ce na kati ne da na mota. Da na koma ɗaki na ƙirga, ya fi abin da Mma ke samu a wata guda tana sayar da wake da shinkafa. Daga nan ya kawo maganar da ta kawo shi. Ya ce ɗaya ɓangaren na shirin murɗe sakamako, don haka yana son “'yan Zango masu ƙarfi” su tsaya a wurin tattara ƙuri'a. Ba faɗa za su yi ba, in ji shi, a dai gan su.

A lokacin har wani daɗi na ji, wai an san mu da jarumta. Ban tsaya na tambayi kaina ba: me ya sa bai ce in kawo masa 'yan Zango masu lissafi su duba alkaluma ba? Me ya sa da aka zo maganar ƙwanji aka tuna da mu, amma a jerin mutanen da zai naɗa muƙamai babu namu ko ɗaya? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na kira ɗan kawuna, wanda ke koyon kanikanci, na ce ya taho da abokansa biyar, akwai ɗan abin sakawa a aljihu.

Daren tattara sakamako

Wajen ƙarfe tara na dare aka fara rigima. Wani wakili ya ce alkaluman wani masauki ba su yi daidai da abin da aka sanar a rumfa ba. Aka ɗauke wuta na 'yan mintoci, aka fara ihu, wani ya jefa kujera. Ɗaya ɓangaren ma ashe sun kawo nasu ƙartin, kuma abin da ba zan manta ba shi ne, da Hausa na ji suna zagin namu, namu na rama musu da Hausa. 'Yan takarar biyu suna can cikin motocinsu, gilashi a rufe. 'Ya'yan Zango ne ke fasa wa juna kai a kan zaɓen makarantar da ba ɗayansu da ke karatu a cikinta.

An fasa wa ɗan kawuna goshi, sai da aka yi masa ɗinki. Shi da wasu biyu suka kwana a hannun 'yan sanda. Na kira mai ambulan ya fi sau goma, wayarsa a kashe. Ɗan takararmu ya ci zaɓe, ana ta kiɗa a masaukinsu har asuba, ni kuwa ina zaune a benci a bakin ofishin 'yan sanda ina tunanin abin da zan faɗa wa Kawu.

Kawu ne ya biyo motar asuba ya zo ya yi belinsu. Bai ce mini uffan ba, wannan shirun kuwa ya fi mari zafi. Mma ce ta yi magana da na je gida. Tana tsaye a bakin tukunya, ba ta ko juyo ba, ta ce: “Kai muka tara kuɗi muka kai sukul don ka riƙe alƙalami. Shi da bai samu zuwa ba, sai ka kira shi ya riƙe maka sanda? To da kai da masu raina mu, wa ya fi raina shi?”

Na ce, “Mma, ki yi haƙuri.” Ta ce ba ita zan ba haƙuri ba.

Famfon alwala kuwa har shugaban ya sauka bai kawo ruwa ba. Sau uku muna zuwa ofishinsa. A na ukun sakatarensa ya tambaye mu ko muna da wata takarda da ke nuna an yi mana alkawari.

Abin bai tsaya a jami'a ba

Wanda ya ce wannan wasan yara ne, ya tuna ranar 31 ga Janairu 2019, lokacin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon, mazaɓar da jami'ar Legon ke cikinta. An yi harbi a La Bawaleshie, mutane suka jikkata, aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Emile Short. A shekarar ce majalisa ta yi doka mai lamba 999 da ta haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa. Duk lokacin da aka yi irin wannan magana a rediyo, sunan unguwanninmu ne ke fara fitowa, ko da hannunmu ko babu. Wanda ya koyi hayar ƙarti yana ɗan shekara ashirin da biyu don kujerar SRC, me zai hana shi yi yana ɗan arba'in don kujerar majalisa? Mu kuma da muka koyi kawo masa su, a wannan matsayin zai ci gaba da ganinmu.

Rigima kuma ɗalibai take fara ci. A watan Oktoba 2018 zanga-zangar ɗaliban KNUST a Kumasi, wadda ta biyo bayan takaddamar mayar da masaukan maza na Katanga da Conti na maza da mata, ta rikiɗe ta zama ɓarna, aka rufe jami'ar, sai da Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya sa baki. A watan Agusta 2022 'yan masaukin Commonwealth da na Mensah Sarbah suka gwabza a Legon, har aka ɗauke mutum-mutumin John Mensah Sarbah. A watan dai Katanga da Conti suka kara, hukumar KNUST ta soke tsarin JCR a masaukanta. Wato 'yancin da ɗalibai suka gada na tafiyar da masaukinsu da kansu, a dalilin jifa da sanduna aka karɓe shi. Yaron da uwarsa ta ci bashi ta biya masa kuɗin ɗaki, shi ne ke komawa gida ya zauna idan an rufe makaranta.

Abin da muka canza

A shekarata ta ƙarshe wata 'yar'uwarmu mai karatun lissafin kuɗi ta zo taronmu da tsarin mulkin SRC a hannu, ta buga shi a takarda. Ta tambaya wa ya taɓa karanta shi. Mu fiye da arba'in, babu ko ɗaya. A nan muka gano cewa kowane ɗalibi na da damar halartar zaman wakilai, cewa dole ma'aji ya gabatar da kasafi a amince da shi, kuma akwai kwamitin da ke binciken yadda aka kashe kuɗi. Shekara uku muna roƙon abin da da kuɗinmu ake yinsa.

Muka yanke shawara uku. Ta farko, ƙungiya ba za ta ce ga wanda za a zaɓa ba, kowa ya bi ra'ayinsa. Wasu sun ji haushi, suka ce mun watsar da ƙarfinmu. Amma ƙuri'ar da mutum ɗaya zai iya sayarwa a ɗakin otal ai ba ƙarfi ba ce, haja ce. Ta biyu, muka rubuta buƙatunmu a shafi guda, muka gayyaci dukan 'yan takara rana ɗaya, kowa ya amsa a gaban jama'a, aka naɗa a waya. Wanda ya kawo abinci mun ce ya kai wa marasa lafiya a asibiti, ba tare da hotonsa ba. Ta uku, muka nemi abokan tafiya. Ashe ɗaliban cocin da ke ibada ranar Asabar suna da irin kukanmu a kan jarrabawa, ɗalibai masu buƙata ta musamman kuma sun fi mu shan wahalar ruwa. Da muka haɗa takarda ɗaya, sai maganar ta tashi daga ta musulmi ta koma ta ɗalibai.

Ita 'yar'uwar tamu ta tsaya takarar ma'aji. Ba ta da kuɗin manyan fostoci, ɗaki-ɗaki ta bi tana bayani. A wurin tantancewa an yi mata tambayoyin da ba a yi wa sauran ba, har da ko iyayenta za su bar ta ta halarci taron dare. A daren gabatar da manufofi wasu sun yi mata ihu, ta jira suka gaji, ta karanto musu adadin kuɗin da kowannensu ya biya da abin da aka ce an yi da shi. Wurin ya yi tsit. Ba ta ci ba, ta zo ta biyu. Amma an sa ta a kwamitin binciken kuɗi, kuma a kasafin shekarar aka ware kuɗin tankin ruwa biyu, ɗaya kusa da masallaci, ɗaya a masaukin da ɗalibai masu keken guragu suke. Maganar Juma'a ba ta warware gaba ɗaya ba, wasu sassan sun gyara jadawali, wasu sun ƙi. Na gama na bar su suna bi.

Ga ƙannena da iyayenmu

Ba ina cewa ku guji siyasar jami'a ba ne. Masu cewa “ni karatu na zo yi” su ma ana cire kuɗin SRC daga aljihunsu, wasu ne kawai ke yanke musu yadda za a kashe. Ku shiga, amma ta ƙofar gaba. Ku karanta tsarin mulkin tun kuna shekarar farko. Ku riƙe makinku da kyau, domin akwai makin da in ba ka kai shi ba, ba za a bar ka ka tsaya takara ba, kuma a nan ake zubar da da yawa daga cikin namu. Ku fara daga ƙananan kujeru, na sashe da na masauki. In kuna son TEIN ko TESCON, ku shiga da sunanku da ra'ayinku, ku nemi kujerar sakatare ko ta shugaba, kada ku yarda a ajiye ku a bakin ƙofa. Duk wanda ya ce ku kawo masa samari daga unguwa, ku tambaye shi ina nasa ƙannen suke.

Iyaye kuma, idan yaro ya dawo hutu da sabuwar waya da kuɗin da ba ku ba shi ba, ku tambaye shi. Malamanmu da sarakunan Zango da ake kai wa gaisuwa lokacin babban zaɓe, su sani cewa cinikin tun daga jami'a ake fara shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗan kawuna yanzu yana da garejinsa, yana da yara uku masu koyon aiki a hannunsa. Tabon na nan a goshinsa. Ya daɗe da yafe mini, har tsokanata yake yi, yana kirana “Honorabul”. Kwanakin baya na kai masa mota gyara, ya ce babbar 'yarsa ta ce lauya take son zama, kuma in ta shiga jami'a sai ta yi shugabar ɗalibai. Ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ni, ya ce: “Yaya, in lokacin ya zo kai za ka koya mata. Amma ta tsaya da kanta, kada ta tsaya wa wani.”

Na ce masa in Allah ya kai mu.